Wanda Ba Ya Jin Magani

Kiwon tarwada wahala ce, ba ni da wani suna da zan ba shi. Duk wanda ya ce maka ruwa kawai ake zubawa a watsa abinci a koma inuwa, bai taɓa tsayawa cikin kwami ruwa iya gwiwa ba, bayansa yana ciwo, ƙarni ya kama fatarsa yadda ko sabulun wanki ba ya fitar da shi. Ni ban zaɓi sana'ar ba. Dako nake yi a bakin iyaka tun ina saurayi, buhun gero da na masara, daga wannan mota zuwa waccan. Da aka rufe boda, manyan motoci suka yi layi suka mutu a tsaye, mu ma aikinmu ya mutu tare da su.

Ƙanena ne ya zo da maganar kifi. Ya daɗe yana yaron mota tsakanin Jibiya da Maraɗi, a can ya ga wani yana yi. Muka gina kwami biyu na siminti a lambun da mahaifinmu ya bari, muka samo tsohon injin ban ruwa. Shi ke da dabara, ni ke da ƙarfi. Shi ya san ranar canza ruwa da ranar ware manya daga ƙanana don kada su cinye juna. Ni nawa in ɗauka, in zuba, in wanke.

Shi ne kuma mai magani. Akwai wani gwangwanin madara da yake ajiyewa a kan katangar kwami, cike da kafso ɗin nan ja da yalo, wanda masu babur ke shigowa da shi ta hanyoyin daji. In kifi ya fara lanƙwasa, sai ya ɓare kafso ya zazzage garin cikin abinci, ya ɗiga man gyaɗa don ya kama. Duk masu kifin da na sani haka suke yi. Daga gwangwanin nan ake ba kajin gida in sun kwanta, daga nan mu ma muke haɗiya in ciki ya ɓaci. A farko yana aiki kamar yankan wuƙa. Daga baya sai an ninka. Daga baya ko an ninka ɗin shiru.

Ban san ko ka taɓa ganin tarwada mara lafiya ba. Ba ta kwanciya. Tsayawa take yi a cikin ruwa, kai sama, wutsiya ƙasa, ba motsi. Cikinta ya yi ja, gyambo ya ci gefenta. Da safe in ka leƙa sai ka tarar da su sun jeru a jikin bango a tsaitsaye, kamar sahun sallar gawa. Ƙanena ya taɓa faɗin haka yana dariya. Na ce masa ya daina irin wannan magana.

Wata rana muna ware kifi a kwamin da cutar ta fi kamawa, ya cire takalmin robarsa saboda ya ce yana sa shi santsi. Wata babba ta murɗe ta soke shi da ƙayar gefen kanta a saman ƙafa.

"Yaya, ka ga wannan? Ta rama abincin da ka hana ta jiya."

"Fito ka wanke."

"In wanke mi? Ai maganinta a jikinta yake."

Ya kama ta, ya gogi yauƙin bayanta ya shafa a wurin, yadda masunta ke yi tun kakanni. Muka ci gaba da aiki.

Ƙafar ta kumbura. Ya sha ja da yalo. Ta ƙara kumbura, ta yi sheƙi, ƙuraje masu baƙin ruwa suka fito. Mai kemis ya yi masa allurai. Sai da ya fara sambatu yana kiran sunayen direbobin da ya yi wa aiki sannan muka ɗauke shi zuwa asibiti. Sun yi iya yinsu, na gani da idona. Da ya cika, likitan ya kira ni gefe ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Mun ba shi abin da ke hannunmu, bai ji magani ba."

Da wannan maganar na dawo gida. Yadda aka faɗa mini haka na faɗa wa Inna, mahaifiyarmu. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka kawo wa labarin da ta riga ta sani.

"Haka ubanku ya yi," ta ce. "Allura a kan allura, kamar ana soka wa itace. Kakanku ne ya ja muku. Ɗan tauri ne, ya dafa jikinshi har ƙarfe ba ya shiga. To allura ba ƙarfe ba ce? Ya rufe ƙofa ya tafi da makullin. Jinin gidan nan ba ya jin magani."

Kafin a tashi daga zaman makoki maganar ta zaga. Dattawan da suka zo daga wajen Farfaru, inda kakan namu ya fito, suka ce ƙwarai sun san shi, sun ga wuƙa ta lanƙwashe a cikinsa. Aka riƙa faɗin abin kamar yadda ake cewa mutanen gidan wane dogaye ne, ko gidan wane suna da wushirya. Ni ma na karɓa. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma likita da bakinsa ya ce bai ji ba. Wa zan ƙaryata?

Na koma lambu ni kaɗai. Wurin ya yi mini girma. Takalmin robarsa yana nan inda ya cire shi, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, na kasa ɗagawa. Shi in zai ba su abinci, da ludayi yake ƙwanƙwasa bakin kwami, sai ruwan ya tafasa da kawuna. Ni in na ƙwanƙwasa ba sa tasowa sosai. Amma sau da yawa, da rana tsaka, ina duƙe a ɗaya kwamin, sai in ji na bayana ya yamutse gaba ɗaya kamar an kira su. In juya, ba kowa. Ruwa ne kawai ke kaɗawa, da gashin bakinsu a sama suna jira. Na san iska na iya buga ludayi. Na sani. Amma na daina ba wa kwamin nan baya.

Ana haka wata likitar dabbobi ta zo daga Katsina, ita da direba da wata kula mai ƙanƙara. Ta ce suna zagaya masu kifi ne suna ɗibar marasa lafiya don gwaji. Yarinya ce a idona, ba za ta girmi 'yata ta fari da yawa ba. Ta sa safar hannu ta zaɓi waɗanda ke tsaye, ta farke cikinsu a kan faranti, ta dangwala wani tsinke mai auduga ta rufe a kwalba. Ta tambayi abin da nake ba su. Na nuna mata gwangwani. Ta leƙa ciki, ta yi ajiyar zuciya, ta mayar da murfin. Ta ce za ta dawo.

Bayan tafiyarta ne tawa ta same ni. Ina kwashe matattu da hannu, ashe akwai mai sauran rai a ƙarƙashinsu. Ta soke ni a tafin hannun hagu, gindin babban yatsa. Na tsaya ina kallon jinin yana bin ruwa. Abin da ya zo mini shi ne, to, an zo kaina.

Na shafa yauƙi saboda hannuna ya saba. Ban sha kafso ba, ban je kemis ba. In je in yi me? Mutumin da aka rufe jikinsa tun kafin a haife shi, me allura za ta yi masa in ban da ƙarin zafi? Na ɗaure da tsumma, na riƙa sa riga mai dogon hannu. Hannun ya yi nauyi, yana bugawa kamar akwai wata zuciya a ciki. Alwala ta koma azaba. Ja ya taso daga tafin ya kama wuyan hannu.

Sai na fara gyara abubuwa. Na nuna wa maƙwabcina na lambu, mai noman albasa, yadda ake tayar da injin in ya ƙi. Na sa aka toshe inda ɗakin Inna ke yoyo. Na kai wa matar marigayi ƙanena buhun geron da na daɗe ina cewa zan kai. Ban faɗa wa kowa komai ba. Amma Inna ta fara dama mini fura da kanta, mai ruwa-ruwa, irin wadda ta riƙa dama wa ƙanena da ya kasa cin tuwo. Ta ajiye a gabana ta koma ta zauna tana kallon ƙasa. Ni ban ce ba, ita ba ta tambaya ba.

Likitar ta dawo wata rana bayan azahar. Ina zaune a gindin mangwaro, zazzaɓi na kaɗa ni, na ce mata rana ce.

"Baba, zo ka ga kifinka," ta ce, ta miƙo waya.

Hoton wani faranti ne mai kama da murfin kwano, an shafe shi da wani abu fari-fari kamar busasshiyar fura. A kai an jera ƙananan takardu masu kama da maɓallin riga. Wasu maɓallan akwai fili tas kewaye da su. Wasu kuwa farin abin ya zo har jikinsu.

"Wannan farin, ƙwayar cutar ce da na ciro daga cikin kifinka, muka raine ta ta yi yawa. Kowane maɓalli magani ne daban. Inda ka ga fili, ta ji tsoro ta ja baya. Inda babu fili, ko a jikinta."

"Wanne ne nawa?"

Ta nuna wanda farin ya rungume. "Ga ja da yalonka nan. Har kwana take a jikinshi."

Na nuna wani mai ɗan fili, ba babba ba, ba ƙarami ba. "Wannan fa? Ya yi ko bai yi ba?"

"Nan ne nake cin tuwona da wahala," ta ce. "Na sa rula na auna, na san faɗinshi. Amma daga ina ake cewa ta ji, daga ina ake cewa ba ta ji ba? Wannan ba a gama yankewa ba a ƙwayar kifi. Kai da ka yi dako, tiyar Jibiya da ta Maraɗi ɗaya ce?"

"Ina! Ko nan cikin kasuwa, tiyar saye daban, ta sayarwa daban."

Ta yi dariya. "To ka gani. Ni in auna in ce ya cika, wani a wata ƙasa ya auna ya ce saura. Shi ya sa ake tara irin wannan daga wurare da yawa, kowa ya raine ta a ɗumi iri ɗaya, ya auna iri ɗaya, har a samu tiya guda da kowa ya yarda da ita. Ta mutane ba ta yi mana kai tsaye, kifi jikinshi bai kai namu zafi ba."

"Wato kifin ma jikinsu ya daina jin magani. Kamar namu."

"Kamar naku wa?"

Ban yi niyyar faɗa ba. Zazzaɓi ne ya kwance mini baki. Na ba ta labarin ƙanena, da maganar likita, da kakanmu ɗan tauri. Tana saurare, amma ba fuskata take kallo ba. Ta lura tun ɗazu da hannu ɗaya nake riƙe wayar.

"Kwance tsumman nan."

"Ba komai ba ne."

"Baba, tun daga mota nake jin warin. Kwance."

Na kwance. Direbanta da ke tsaye kusa ya ce innalillahi ya matsa baya. Ita ba ta matsa ba. Ta sa safa, ta juya hannun a hankali, ta danna wuyan hannu, na cije baki.

"Saurara mini da kyau," ta ce. "Ka ga farantin nan? Akwai jikin kifi a ciki?"

"Babu."

"Akwai jinin wani?"

"Babu."

"To ga shi ja da yalo bai yi komai ba. Ba kifi, ba mutum, ba kaka. Ita ƙwayar ce ba ta ji. An daɗe ana ba ta kaɗan-kaɗan, masu rauni suka mutu, masu taurin kai suka hayayyafa. Da likitan nan ya ce bai ji magani ba, ciwon yake nufi. Ba ƙanenka ba."

Na juya na dubi ruwan. Kwamin da ke gefenmu ya yi tsit.

"Ita ce ta kashe shi?"

"Ban sani ba."

"Cikin ruwan nan aka soke shi."

"Zai iya zama ita, tana shiga mutum ta rauni. Zai iya zama wata. Ban gan shi ba, ba ni da abin da aka ɗiba a ƙafarshi. Ba zan rantse maka a kan abin da ban auna ba."

"Ke komai ba ki sani ba," na ce. Na faɗa da zafi. "Wancan ba a yanke ba, wannan ba ki auna ba. Mi kika zo yi?"

"Na san guda ɗaya. Hannun nan ba zai jira a gama yanke tiya ba. Asibitin mutane suna da nasu awon, ya fi namu zama. Su ɗiba daga ciwon su gwada, su ga wanda take ji. Tashi mu tafi, ga mota."

Na ce ba zan bar tsohuwa ba sallama ba. Ta ce mu biya ta gida. Na ce sai na ga wanda zai kula da kifi. Gaskiya ita ce ni ne ban shirya ba. Mutum ya gama shirin tafiya ɗaya, a ce masa ya kwance kaya ya kama wata, ba nan take ba ne. Direba kuma yana ta duba rana, domin hanyar nan ba mai son la'asar ta yi masa a kanta.

"Hajiya, mu kama hanya fa."

Ta zaro biro daga jakarta, ta kama hannuna, ta zana layi a fata daidai inda jan ya tsaya, ta zagaye damtsen ƙasa da shi.

"Ni likitar dabbobi ce, ba ni da ikon ɗaure ka in sa a mota, ko da yake na ga awakin da suka fi ka jin magana. Ga iyaka na yi maka. In ya tsallake layin nan, ba sauran shawara. Ko bai tsallake ba ka tafi. Ka gaya musu tarwada ce, ka gaya musu ruwan kwami ne, ka gaya musu abin da kuke zuba wa ruwan. Kada ka ɓoye ko ɗaya."

Suka tafi. Na zauna har inuwar mangwaron ta bar ni.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba. Abin da ya tsaya mini a ido shi ne wani maɓalli a gefen farantin, wanda filinsa ya fi na kowa faɗi, tas kamar an share. Ban tambaye ta sunansa ba. Amma akwai shi. Yana nan a duniya, a cikin wata kwalba a kan wani kanta, a ranakun da ƙanena ke kwance a zaure yana haɗiyar ja da yalo yana ce mini gobe zai taka. Ko da ya yi masa, ko da bai yi ba, ita ma ta ce ba ta sani ba. Maganar Inna ta fi sauƙin ɗauka. In jini ne, ba wanda ya makara. Har yau in na rufe ido ina ganin filin nan.

Da na koma gida kafin magariba Inna na tsince wake a faifai. Na zauna kusa da ita na naɗe hannun riga. Ta kalli hannun, ta kalli layin biron.

"Wa ya yi maka rubutu a jiki?"

"Likita. Gobe zan je Katsina."

"Mi za su yi maka?"

"Za su gwada."

"An gwada ubanka. An gwada ƙanenka." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Ka zauna kusa da ni. In abin ya zo, ya same ka a ɗakinka, ba a hannun baƙi ba."

Bakina ya cika da abin da likitar ta faɗa. Na dube ta, tsohuwar da ta binne miji da ɗa, ta samu abin da ta jingina da shi take iya tashi da safe. In na zare mata shi, me zan ba ta ta riƙe? Na haɗiye.

"Ko don in ce na je, Inna."

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki.

Da na idar da sallar asuba na fito tsakar gida inda haske ya fara, na duba. Jan ya tsallake layin da kamar faɗin yatsa biyu, biron ya koma tsakiyar kumburi. Na biya ta lambu na tarar da mai albasa yana jan tiyo. Na ce ya watsa musu abinci daga waje, kada ya sa hannu a ruwan ko da zai ga duk sun tashi tsaye, kada kuma ya bar kowa ya ɗauki matattun. Ya ce yaushe zan dawo, na ce ban sani ba. Daga nan na taka zuwa tasha. Motar farko saura mutum ɗaya. Yaron mota ya so ya cusa ni baya cikin buhuna, na buɗe masa tsumman ya gani, ya sauko da wani ɗan kasuwa daga gaba ba tare da na roƙa ba. Na zauna, na ɗora hannun a kan taga yadda zai rage bugawa, na ce wa direba ya sauke ni a ƙofar asibiti.